Idan Sakatar Bindigar Farauta Ta Saki: Sauya Sakata, Gyaran Bututu, Ko Jingine Bindigar?

A yankin Garwa da ke arewacin Kamaru, inda filayen farauta na haya suka kewaye gandun dajin Benuwe da na Faro da na Buba Njida, akwai tsofaffin bindigogin farauta masu sakata, wato ƙarfen da ake turawa da hannu ya kulle harsashi a gindin bututu, a hannun mutanen da suke da takardun izini, wasu gado ne daga iyaye, wasu kuma sun bi ta hannu uku ko huɗu kafin su iso wurin mai su na yanzu. Mafi yawan masu irin waɗannan bindigogi suna son taɓa kayansu da kansu, su kwance, su goge, su shafa mai, su gyara ƙota idan ta tsage, kuma babu laifi a cikin haka. Inda maganar take sauyawa shi ne ranar da sakata ta ɓace, ko ta fara wasa a gidanta, ko aka lura cewa lambar da ke jikinta ba ita ce lambar da ke jikin bindigar ba. A nan mutum yake da hanyoyi huɗu ko biyar a gabansa, kuma wadda ta fi araha a cikinsu ita ce ta fi yawan jefa mutane cikin haɗari.

Abin da ake magana a kai shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata, bayan an kulle ta, da wurin da harsashi yake tokarewa a cikin mazauninsa a gindin bututu. Wurin tokarewar ya bambanta gwargwadon irin harsashin. Mai leɓe a gindi, kamar .303 na Ingila, da leɓensa yake tokarewa. Marasa leɓe, kamar .30-06 da .308 da 8x57 da 9.3x62, da kafaɗar kwanso, wato jikin tagullar da yake ɗauke da albarushi, suke tokarewa. Masu ɗamara kuwa, wato dangin .375 H&H wanda kamfanin Holland & Holland ya fitar a 1912, kuma wanda masu farautar ɓauna suka fi sani, da wannan ɗamarar ta gindi suke tsayawa. Idan aka ja kunama, allura takan fara tura harsashin gaba har ya tokare, sannan albarushi ya kama, gaban kwanson da yake da siririn jiki ya kumbura ya manne da bangon mazauni, gindinsa mai kauri kuma ya koma baya har sai ya haɗu da fuskar sakata. Duk abin da ya rage na sarari, tagullar kwanson ce take miƙewa ta cike shi, kuma a wuri ɗaya take miƙewa, kaɗan sama da gindi. Idan sararin ya yi yawa, sai kwanson ya rabu biyu a wurin, iskar wuta ta nemi hanya ta baya, inda ido da fuskar maharbi suke. Ƙarfin da ake magana a kai ba na wasa ba ne: hukumar C.I.P., wadda take tsara ma'aunin harsasai ga ƙasashen Turai da dama, ta sa iyakar .308 a kan bar 4,150, ta .375 H&H a kan bar 4,300, alhali tayar mota ba ta cika wuce bar biyu zuwa uku ba.

Ana auna wannan tazara da wasu guntayen ƙarfe masu siffar kwanso, guda uku ga kowane irin harsashi. Na farko, wanda aka buga wa GO a jiki, dole ne sakata ta kulle a kansa. Na biyu, mai rubutun NO-GO, bai kamata sakatar sabon aiki ta kulle a kansa ba. Na uku, mai rubutun FIELD, shi ne iyakar ƙarshe, duk bindigar da ta haɗiye shi an daina harbi da ita sai an gyara. A .308, tsawon na farko inci 1.630 ne, na biyu 1.634, na uku 1.638, wato milimita 41.40 da 41.50 da 41.61. Tsakanin lafiya da haɗari ke nan kimanin milimita 0.2, kaurin fallen takardar rubutu biyu. Wannan ne ya sa hujjar da aka saba ji, cewa sakatar ta shiga sumul kuma ta kulle, ba hujja ba ce ko kaɗan, domin sakatar da ta yi gajarta ita ce ma ta fi kullewa cikin sauƙi. Shi kansa awon yana da ƙa'ida: a tabbatar babu harsashi a bindiga ko a kan teburin aiki, a wanke mazauni daga ƙurar hunturu da busasshen mai, a cire allura da ƙugiyar zare kwanso domin kada ƙarfin sifirin ya ruɗi hannu, sannan a sauke mariƙin sakata da ɗan yatsa ɗaya. Wanda ya taɓa yi ya san yadda mariƙin yake saukowa sannu ya tsaya cak kafin ya kai ƙasa idan ya gamu da ma'aunin hani. Idan aka danna da tafin hannu, sakata tana da ƙarfin murɗawa da zai iya tilasta ma'aunin ya shiga, a ɓata mazauni, a kuma sami amsar ƙarya.

Kafin ma a kai ga ma'auni, kwanson da aka harba yakan ba da labari. A ɗauke shi a juya shi a hasken rana: idan akwai wani zobe mai ƙyalli, siriri, da ya zagaye shi kaɗan sama da gindi, a lanƙwasa bakin siririyar waya a zura ciki a ja ta a jikin bango, za a ji ta faɗa cikin wani ɗan kwari daidai wurin zoben. Tagullar ta riga ta sirance ke nan. Haka nan idan maɓallin wutar da ke tsakiyar gindi ya turo waje, ko bindiga tana yawan ƙin tashi alhali allura ta bar ɗan tabo mara zurfi, duk alamu ne da suke kira a auna. Alamu ne kawai, ba su maye gurbin awo ba, kamar yadda dabarar manna salatif a gindin harsashi domin gwada tazara ba ta maye gurbinsa ba, tunda salatif yana matsewa kuma harsasan kamfani ɗaya ma ba tsawonsu ɗaya ba.

Tambayar da ya kamata ta riga kowane zaɓi ita ce daga ina sararin ya fito, domin wurare uku ne: ko daga sakatar kanta, ko daga mazaunin da ke cikin bututu, ko daga kafaɗun da ke cikin gidan sakata inda haƙoranta, wato ƙarafan da suka fito a jikinta suke riƙe ta a kulle, suke tokarewa. Biyun farko suna gyaruwa. Na uku shi ne wanda yake yanke wa bindiga hukunci, kuma shi ne wanda aka fi mantawa a duba.

Hanyar da zuciya ta fi saurin karkata gare ta ita ce neman wata sakata a zura. A bindigogin tsarin Mauser 98, wanda Jamus ta ɗauka a 1898 kuma masana'antu a Beljiyam da Cekoslobakiya da wasu ƙasashe suka ci gaba da ƙerawa shekaru da yawa, sakatu suna kama da juna ƙwarai, har ta wata masana'anta takan shiga gidan wata. Amfanin wannan hanya a fili yake: ba a taɓa bututu ba, ba a buƙatar injin sassaƙa ƙarfe, kuma idan aka dace, bindigar ta dawo aiki a yini guda. Matsalar ita ce dacewar. A masana'anta ana haɗa kowace sakata da gidanta da bututunta a auna su tare, shi ya sa ake buga musu lamba ɗaya. Sakatar da ta fito daga wata bindiga tana iya yin gajarta, tana iya yin tsawo har ta ƙi kullewa a kan ma'aunin farko, wanda shi ma haɗari ne tunda matse harsashi da ƙarfi yana iya ɗaga ƙarfin wuta. Ko da tsawon ya yi daidai, akwai sauran bincike. Haƙoran gaba biyu dole su zauna tare a kan kafaɗunsu, ana gane haka ta shafa musu tawada a kulle a buɗe a ga inda ta goge. Idan ɗaya ne kawai yake ɗaukar nauyi, a hankali zai nutse, tazarar ta buɗe bayan an riga an yarda da ita. Haƙori na uku na baya, wanda Mauser ya sa domin ranar da na gaba suka karye, bai kamata ya taɓa komai ba a zaman yau da kullum. Sannan sabuwar sakata tana zuwa da nata tsawon allura da nata yadda take kama kunama, kuma an sha ganin bindigar da take tashi da kanta da zarar an cire makullin tsaro saboda waɗannan sassa ba su san juna ba. A ganina wannan hanya tana da ma'ana ne kawai ga wanda yake da ma'aunan a hannu kuma yake da sakatu da yawa da zai gwada ya zaɓa, abin da yake da wuya a Garwa ko Marwa, inda mutum yakan sami guda ɗaya tak ya ce Allah ya kawo.

Akwai jarabar da take bin wannan hanya, wato goge bayan haƙora da garin gugar ƙarfe domin su zauna daidai. Ƙwararru suna yin haka, amma suna yi ne kafin a daidaita bututu, saboda duk abin da aka goge daga haƙori ƙari ne a kan tazarar. Ban da haka, tsofaffin Mauser taurinsu a fata yake, cikin ƙarfen yana da laushi, wanda ya cinye fatar da guga ya bar bindigar da ƙarfe mai nutsewa.

Masu Lee-Enfield, tsohuwar bindigar sojojin Ingila, suna da sauƙin da masu Mauser ba su da shi, domin kan sakatarsu ana murɗe shi a cire. A samfurin No. 4 an yi kawunan da lambobi 0, 1, 2 da 3, kowanne ya ɗara na bayansa tsawo da kimanin inci 0.003, wato ƙasa da milimita 0.1, musamman domin masu gyaran makamai su riƙa maido da tazara ba tare da taɓa bututu ba. Idan aka kwatanta da sauya sakata gaba ɗaya, wannan ya fi tsafta nesa ba kusa ba, tunda jikin sakata da haƙoranta, waɗanda suka riga suka saba da gidansu, suna nan yadda suke. Amma lambar ba alkawari ba ce: idan aka auna kawunan, ana samun mai lamba 1 da ya fi wani mai lamba 2 tsawo, saboda haka da ma'auni ake zaɓa, ba da lamba ba. Dole kuma a duba cewa kan ba ya zarce layinsa da yawa idan an murɗa shi har ƙarshe, a kuma sake auna fitowar allura. Tsohon samfurin No. 1 Mk III na 1907 ba shi da wannan tsari na lambobin tsawo, kuma kawunan samfuran biyu ba sa musanyuwa. Wani abin da yake ruɗa mutane shi ne cewa sojojin Ingila sun yi aiki da iyakar inci 0.074, alhali ma'aunin kasuwa na Amurka yakan tsaya a 0.070, don haka bindiga tana iya faɗuwa a ɗaya ta tsallake a ɗaya. Wanda yake harba sabon harsashi sau ɗaya ya jefar da kwanso yana iya zama da ma'aunin soja. Wanda bindigarsa take tsakanin iyakokin biyu kuma ya fara ganin zoben nan mai ƙyalli, gara ya bi mafi tsanani. Idan kan mai lamba 3 ma bai maido da tazara ba, to ba kan ne matsalar ba. Haƙoran Enfield a baya suke, gidan yana ɗan miƙewa a kowane harbi, kuma gidan da ya gaji ba ya komawa.

Hanya ta uku ita ce wadda nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan Mauser da Brno, ƙirar Cekoslobakiya, da makamantansu, muddin cikin bututun yana da rai: a kwance bututun, a rage gindinsa a injin, a mayar da shi ya ƙara shiga, sannan a sake ƙwaƙule mazaunin sannu a hankali har sai sakata ta kulle a kan ma'aunin farko ta ƙi na biyu. Galibi zagaye ɗaya cikakke ake ƙarawa domin saiti ya dawo sama inda yake, kuma a babban Mauser 98 zagaye ɗaya kimanin milimita 2.1 ne. Fa'idarta a kan sauya sakata ita ce ba a dogara da sa'a ba, ana yanka mazaunin ne daidai da sakatar da ke hannu, ko ta asali ce ko baƙuwa, kuma a kan hanya ana kawar da ɗan abin da wuta ta cinye a maƙogwaron bututu. Nauyinta kuwa shi ne wannan ba aikin mai sha'awa ba ne a zauren gida. Yana buƙatar injin da yake juyawa daidai, da ƙarfen ƙwaƙule na wannan harsashi takamaimai, da maɗaurin gida wanda ba zai murɗe shi ba, da hannun da ya saba. Muna da masu injin sassaƙa ƙwararru waɗanda suke yi wa manyan motocin hanyar Ngaundare zuwa Kusiri kayan gyara, kuma ba raina su nake yi ba, amma gwanintar yanka ƙarfe daban, sanin mazaunin harsashi daban. Idan mai gyara ba zai iya ɗauko ma'aunan harsashin bindigar ya ajiye a kan tebur ba, bai kamata a bar masa bututun ba.

Sabon bututu ya fi wannan tsada da jira, kuma ba ya ƙara komai a wajen tazara fiye da abin da gyaran tsohon zai bayar. Yana zama dole ne idan tsatsar damina ta cinye cikin bututun, ko mazaunin ya yi rami, ko wani ya taɓa faɗaɗa shi da hannu. Yana da amfani guda da ba a cika ambata ba: yana kawar da shakka game da irin harsashin. Tsofaffin bindigogin Jamus masu 8x57 iri biyu ne, na farko faɗin dalmarsa inci 0.318, wanda ya biyo baya a 1905 kuma 0.323, kuma cusa na biyu a bututun na farko haɗari ne da ma'aunin tazara ba zai nuna ba. Wasu bindigogin zamani, irin su Savage 110 da ta fito a 1958, an yi musu noti a gindin bututu wanda ake daidaita tazara da shi ba tare da yanka ba, wanda ya mallaki irinsu ya huta da rabin wannan magana, ko da yake ma'aunan suna nan dole.

Sai hanyar da ba a son ji, wato jingine bindigar. Idan aka cire bututu aka leƙa aka ga haƙora sun yi wa kafaɗun gida gurbi, ko aka ji sakata tana yin tauri wajen ɗagawa bayan harbi kamar tana hawa tudu, to ƙarfen gidan ya nutse. Sabuwar sakata ko gyaran bututu za su maido da lamba a kan ma'auni na ɗan lokaci, amma nutsewar za ta ci gaba a ƙarƙashinsu. Haka hukuncin yake ga bindigar da ta taɓa shiga gobara, ko da ƙotarta kawai aka ga ta ƙone, da wadda aka taɓa yi wa walda a kusa da haƙora. A ƙasashen da suke da gidajen gwaji, kamar Santetiyen a Faransa da Liyej a Beljiyam da Birmingham a Ingila, bindigar da aka sauya wa bututu ko sakata ana mayar da ita a harba mata harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 cikin 100, a sake aunawa, sannan a buga mata hatimi. Abin da wasu suke yi a nan, na ɗaure bindiga a jikin taya a ja kunama da igiya daga bayan bishiya, ya fi mutum ya kanga fuskarsa ya harba, amma abin da yake nunawa kawai shi ne bindigar ba ta fashe a wannan harbin ba. Yana da amfani ne idan an haɗa shi da duba kwanso da sake awo bayan harbin.

Dabarun da ban sa a cikin zaɓin ba su ne ɗora walda a bayan haƙori a goge da magagari, da manna ɗan fallen ƙarfe a fuskar sakata, da dukan bakin mazauni domin ya tsuke. Maƙeranmu da suka gaji ƙirar bindigar toka suna da basira, amma bindigar toka tana aiki da baƙin albarushi mai ƙarfi kaɗan idan aka kwatanta, kuma abin da ya riƙe a can ba zai riƙe bar dubu huɗu ba. Zafin walda yana kashe taurin da aka ba ƙarfe a masana'anta, ya bar shi ko da laushi ko da saurin karyewa, kuma ido ba ya bambance su. Yanayinmu ma yana rage rangwame, domin lokacin farauta yana ratsa watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, harsashin da ya yini a cikin mota a rana kuma ƙarfin wutarsa yakan ƙaru. Bindigar da take bakin iyaka da sanyin Disamba tana iya raba kwanso a bazara, kuma a gaban ɓauna, rabin kwanson da ya maƙale a mazauni yana nufin babu harbi na biyu.

Masu harsashi mai ɗamara su lura da wani abu: ma'auninsu ɗamarar kawai yake aunawa, daga inci 0.220, saboda haka bindiga tana iya tsallake awo sarai alhali mazaunin ya yi tsawo ta wajen kafaɗa, kwanso ya riƙa miƙewa. A irin wannan, duba kwanson bayan harbi yana da nauyi daidai da ma'aunin.

Ɓangaren doka yana shiga cikin lissafin tun farko, domin yana iya sauya wace hanya ce mai yiwuwa. A Kamaru, doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai gida takwas, bindigogin farauta suna gida na biyar, makaman yaƙi kuwa ba na farar hula ba ne, kuma tsohuwar bindigar soja ba ta zama ta farauta don kawai ta tsufa. Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda Kamaru da Cadi suke ciki, ba ta tsaya kan bindigogi da harsasai ba, ta haɗa har da sassan da ake gyara su da su. Ma'anar haka ita ce sakata ko bututun da aka sayo a ɓoye ta kan iyaka yana iya jawo wa mai takardu masu kyau shari'ar da ta fi kuɗin bindigar, balle a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru inda binciken hanya yake da tsanani. Wanda ya yanke shawarar sauya sashe mai lamba ya fara da hukumar da ta ba shi izini, ya bi ta hannun dillalin makamai mai lasisi, ya kuma nemi mai gyaran ya rubuta masa ranar aikin da ma'aunan da sakatar ta kulle a kansu da wanda ta ƙi, ya ajiye takardar tare da ta izinin, domin awo na gaba da ita za a kwatanta a ga ko tazarar tana motsi.